In Ɗauke Shi?

Shafa'atu ta iso Garin Mainassara ne a bayan ayarin Arzika mai goro, gab da faɗuwar damina, a zamanin da mutanen ƙasar Birnin Lalle ba su taɓa ganin Bature ba sai dai su ji labarinsa a bakin fatake. Mace ce doguwa wadda ta haura talatin, da wani irin ɗaurin kallabi da ba a saba gani ba a nan. Amma abin da ya fara tsayar da idon mutane fuskarta ce. Sumul take, ko ɗigon zane babu. A garin da kowa ke ɗauke da asalinsa a kumatu, wannan kaɗai ya isa a bi ta da kallo har ta shige.

Arzika ya tsaya a ƙofar gidan Abarci, wanda shi ne babba a zuriyar Mainassara a lokacin. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya ce, "Amana na kawo maka. Wagga ɗiyar Na'Allah ce."

Abarci ya ce, "Wane Na'Allah?"

Kada a ga laifinsa. Yana goye a bayan uwarsa ranar da mahara suka sure wansa Na'Allah daga kan rumfar tsaron tsuntsu a gonar gero. Suna kawai ya sani, shi ma ba a cika ambatonsa a gidan ba, don uwarsu har ta rasu ba ta iya jin sa ba tare da ta tashi ta bar wurin ba. Wadda ta san Na'Allah da ido ita ce yayarsu Ma'u, tsohuwa mai rawar hannu da kaifin baki, kuma tana bayan darni tana jin komai. Sai ga ta ta faɗo zauren ko mayafi babu.

Arzika ya ba su labari. An yi ta sayar da yaron daga hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin bayi. Turawan Ingila suka kama jirgin a kan ruwa, suka sauke mutanen a wani gari da ake kira Saro, suka ce kowa ya zama ɗa. A can Na'Allah ya girma, ya koyi sassaƙa, ya yi aure, ya haifi wannan ɗiya ɗaya. Matarsa ta rasu, mijin ɗiyar ma ruwa ya ci shi. Da tsufa ya kama shi sai ya ce gida zai koma. Suka shiga jirgi zuwa Ikko, a nan suka haɗu da ayarin Arzika. Sun haye kogin Kwara ke nan zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

"Kahin shi cika," in ji Arzika, "ya ce mini in kai ta arewa da Birnin Lalle, garin da rijiya take gindin gawo. Ya ce in tambayi Ma'u mai faɗa."

Ma'u ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta kama kan Shafa'atu da hannuwanta masu rawa tana shafawa tana cewa, "Goshinsa ne, wallahi goshinsa ne."

Arzika ya ce shi zai wuce Azbin neman gishiri, sai bayan kaka zai biyo ta nan. In ta zauna, to alhamdu lillahi. In kuwa zama bai yiwu ba, zai mayar da ita Ikko, inda akwai mutanen Saro. Ba ta da kowa a cikinsu, amma ta san bakinsu. Shafa'atu ta ji wannan magana sarai, don tana da Hausa. Hausar ubanta ce, wato Hausar yaron da aka ɗauke yana tsaron tsuntsu, ga ta a bakin babbar mace. Ta san sunan kowane tsuntsu da kowane wasan dandali, amma ba ta san yadda ake yi wa mai jego barka ba.

Ni dai a duk matan da tsofaffinmu ke ba da labari, ban ji wadda ta kai ta naci ba. Ba ta taɓa riƙe taɓarya ba a rayuwarta, don a Saro shinkafa suke ci. Ta shiga daka da matan gida har tafin hannunta ya yi ƙuraje ya fashe, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Rijiyarmu kuwa kowa ya san zurfinta, in ka saki guga sai ka gaji da jira kafin ka ji ya taɓa ruwa, amma ba ta taɓa cewa wani ya ja mata ba. Furar farko da ta dama, Halimatu matar Abarci ta kurɓa ta ce a ba 'yan awaki. Kafin gero ya yi bununi, furar Shafa'atu ce Abarci ke nema in ya dawo daga gona, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Ga ɗinki, wanda ta zo da shi daga can. Ta gyara tsofaffin rigunan gidan kaf da wata siririyar allura, in ta yi faci sai ka neme shi ka rasa.

Abu ɗaya ne ya hana ruwa gudu. Shafa'atu ba ta yin komai sai ta tambaya.

In za ta shiga ɗakin Ma'u, inda ita ma take kwana, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Gwaggo, in shigo?" In za ta ɗebi ruwa a randar da ita ta cika da asuba, sai ta ce, "In sha?" In ta ga ludayi a gaban Halimatu, "In ɗauka?" In ta ga tsohuwa na fama da ɗaurin zane, ba za ta kai hannu ba sai ta ce, "In kama miki?" Kuma ba tambayar baki ba ce kawai. Tsayawa take yi, hannunta a sarari, sai an amsa.

Da farko abin dariya ne. Wata rana mata na sussuka a gindin aduwa, Halimatu ta ce mata, "Ke wai mi ya kai ki wanga tambaye-tambaye? Haka kuke yi can?"

Shafa'atu ta ce haka ne, a bakin Turawa akwai wasu 'yan kalmomi biyu da ake sawa a gaban magana. Ta faɗe su a hankali: "Mei ai." In kana so ka shiga, ka ce mei ai kom in. In kana so ka zauna, mei ai sit. In kana so ka ɗauki abu, mei ai tek. Kalmomin biyu ba sa canzawa, abin da za ka yi ne kawai kake sauyawa a bayansu, kamar yadda ƙota ɗaya take karɓar ruwan fartanya iri-iri. Daga safe zuwa dare, in ji ta, mutum zai faɗe su sau da yawa, ga babba da yaro, ga na gida da na waje.

Mata suka ɗauka da shewa. Wata ta ɗaga taɓarya ta ce, "Mei ai daka?" Shafa'atu ta ce daidai ne. Wata ta ce, "Mei ai tuwo?" Ta girgiza kai ta ce a'a, ba a sa sunan abu, sai aiki. Sai ki ce ci, ko tuƙa, sannan tuwon ya biyo baya. Halimatu ta ce ashe har da doka. Ranar an yi dariya har sussuka ta kusa kwana, kuma daga nan aka sa mata suna 'Yar Tambaya.

Amma dariya ba ta daɗe ba. A wurinmu baƙo ne ke tambaya. Ɗan gida in ya ji ƙishirwa randa yake nufa, in ya ga tuwo ya sa hannu, in zai shiga ɗakin gwaggonsa ya ɗaga asabari ya shiga, iyaka ya yi gyaran murya. Duk ranar da ɗanka ya tsaya a ƙofarka yana neman izini ya sha ruwa, to ka bincika, akwai abin da ka yi masa. Saboda haka kowace tambayar Shafa'atu sai ta riƙa sukar Ma'u a zuciya.

"Ɗiyata," ta ce mata wata rana, "gidan ubanki ne. Randa taki, rumbu naki, ni ma taki ce. Ki bar tambayata."

Shafa'atu ta ce, "To, Gwaggo." Ta yi ƙoƙari kuwa. Ta yi kwana biyu tana shiga ɗaki ba magana, kafaɗa a ɗage, kamar wadda ta zo sata. A na uku aka ji ta a bakin ƙofa, "Gwaggo, in shigo?" Tsohuwar ta juya fuska ga bango ta ce shigo.

Abarci kuwa mutum ne wanda bai iya zargi a fili ba, sai dai ya tara a ciki. Ba mugu ba ne. A shekarar yunwa ya buɗe rumbunsa ga rabin gari, kuma bai taɓa gori ba. Amma tun da ya zama babba a gidan bai taɓa tambayar kowa komai ba. Shi yake duba abin da ya dace da mutum ya yi masa, kuma sau da yawa yana yin daidai, abin da ya ƙara lalata shi ke nan. Da ya ga wata ya bi wata matar nan ba ta daina neman izini ba, sai ya yanke a ransa cewa ba ta ɗauke su dangi ba. Tana aiki ne don ta biya abin da take ci, irin na baƙon kirki, zuciyarta na bakin teku.

Ana tsakiyar girbi Aisata, matar Bubakar ɗan Abarci, ta haihu. Haihuwar fari ce, ɗa namiji. Da a gidan iyayenta za ta haihu kamar yadda aka saba, amma uwarta ta rasu, don haka Ma'u ta ce a bar mata ita.

To a gidan Mainassara, ranar suna gwaggon jariri ce ke shiga ta ɗauko shi daga gefen uwarsa, ta fito da shi, ta zauna ta riƙe shi a cinya wanzami ya yi masa aski da zanen gida. Ma'u ce ta riƙe duk 'ya'yan gidan tun daga kan Bubakar. A wannan karon ta ce hannunta ya yi rawa da yawa, ɗiyar Na'Allah ce za ta riƙe. Halimatu ta ɗan yi gunaguni, don akwai 'yan'uwan Bubakar mata da suka zo daga garin Mai Yara, amma wa zai ja da Ma'u? Kowa ya gane abin da tsohuwar ke nufi. So take gari ya ga matar nan marar zane zaune a tsakar gida da jinin Mainassara a cinyarta, magana ta ƙare.

Ranar ta zo. An yanka rago, an raɗa suna, gida ya cika maƙil da mata. Wanzami ya shimfiɗa buzunsa a inuwar rumbu yana wasa aska. Ma'u ta tura Shafa'atu, ta ce je ki ɗauko shi.

Ta shiga ɗakin, mata suka buɗa mata hanya. Aisata na zaune a kan gado, lulluɓe, kai a sunkuye, jaririn na gefenta. Shafa'atu ta durƙusa, ta miƙa hannu biyu, sai ta tsayar da su a sarari. Ta dubi uwar ta ce, "Aisata, in ɗauke shi?"

Matan ɗakin suka juyo gaba ɗaya suna kallonta.

Ga abin da Shafa'atu ba ta sani ba, don yaron da aka ɗauke daga gona ba shi da inda zai koye shi balle ya koya wa ɗiyarsa. Mace ba ta nuna ɗan farinta nata ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka sai wata ta ɗauka ta miƙa mata. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar gidan da yarinya ta fito. In Aisata ta ce ɗauke shi, ta nuna ita ke da iko da shi, gobe a yi da ita a bakin rijiya. In ta ce a'a, abin ya fi muni. Ba ta da amsar da za ta bayar. Ta ƙara jan mayafi ta rufe fuska.

Shafa'atu ta ɗauka ba ta ji ba ne. Ta sake cewa, a hankali, "Ɗanki. In ɗauke shi?"

Wata ta ce subhanallahi. Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Dangin Aisata da suka zo suka fara duban juna, ɗaya ta ce a fili, "Mi munka yi mata za ta tozarta muna ɗiya?" Ma'u daga waje tana kira, "Ɗauko shi mana! Ɗauko shi!" Shafa'atu ta ji hayaniyar, ta san wani abu ya ɓaci. Amma uwar yaro ba ta amsa ba, kuma hannunta ya ƙi ƙarasawa. Tana nan durƙushe har wata ƙanwar Bubakar ta ture ta da kafaɗa, ta sunkuci jaririn ta fita da shi.

Kafin la'asar labari ya kai zaure, ya kai bakin rijiya, ya kai har rugar Fulanin da ke kawo nono. Wasu suka ce ƙin riƙewa ta yi don tana ƙyamar zane. Wasu suka ce ta so ta kunyata yarinya ne. Abarci ya ba dangin Aisata haƙuri da bakinsa, abin da bai taɓa yi ba. Ma'u ce ta zaunar da Shafa'atu ta bayyana mata, tana yi tana faɗa tana share hawaye. Shafa'atu ta ji, ta rufe fuska da tafin hannu ta daɗe a haka.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka mata sun tafi gona kwasar dami, Shafa'atu na hura wutar ruwan wankan jego a bayan ɗaki. Sai ga Aisata ta fito tana waige-waige, da jaririn a ƙirji. Ta ɗora mata shi a hannu da sauri.

"Yaya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "ranar nan na amsa miki. A cikina na amsa." Ta sake waigawa. "Tun da na haihe shi kowa ɗauka yake shi tahi da shi. Ke ɗai kinka ce ɗana."

Ba ta jira amsa ba, ta koma ɗaki da gudu-gudu. Wannan magana ba wanda ya ji ta sai su biyu, kuma ba ta da inda za ta je ta yi wa Shafa'atu amfani, don Aisata ba za ta iya maimaita ta a gaban kowa ba.

Aka gama girbi, aka cika rumbuna, sanyi ya fara shigowa. Ayarin Arzika ya sauko daga arewa da gishiri da dabino, ya yada zango a bakin rijiya. Abarci ya je ya same shi suka yi magana. Sannan ya shiga shiri irin nasa. Ya ware jaki mai ƙarfi, ya sa aka yi dakan gero, aka soya nama, ya fitar da zannuwa biyu saƙi da bargo. Guzurin da ya haɗa, ko ɗiyar cikinsa iyakar abin da zai yi mata ke nan. A ganinsa alheri yake yi. Mace ta ƙi sakin jiki, ta kasa gane mutane, mutane sun kasa gane ta, to a mayar da ita inda za ta sake.

Ma'u ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ya ce, "Yaya, ba korarta nike ba. Kin taɓa jin ta ce tana son zama?" Gaskiya kuwa tsohuwar ba ta taɓa ji ba. Ita ce ta shaida wa Shafa'atu da yamma cewa gobe ayari zai tashi, kuma da ita.

Da hantsi jaki na tsaye a ƙofar gida da kaya a bayansa. Abarci na zaure da Arzika da Bubakar da wasu dattawa biyu, ana sallama. Sai Shafa'atu ta fito daga cikin gida, ta tsaya a bakin zauren ta ciki, inda mata ba sa wucewa in akwai maza. Ta durƙusa.

"Baba, in yi magana?"

Abarci ya buga cinya ya dubi Arzika. "Ka gani? Ka ji da kunnenka? Har ranar tahiya! Yi, ɗiyata, yi."

Ta yi magana da Hausarta ta yara, ba ado, tana neman kalma tana samu.

"Ubana ya ba ni labari. Ya ce daga gonar nan har teku, hannu da yawa sun taɓa shi. Wani ya ɗaga shi bisa doki. Wani ya buɗe bakinsa ya duba haƙori. Wani ya matsa cikinsa, wani ya juya shi, wani ya sa mishi ƙarhe a ƙahwa. Ba wanda ya yi mishi magana. Ya ce har ya manta ana yi wa mutum magana kahin a taɓa shi."

Dattawan suka daina motsi.

"Da anka sauke su Saro, ƙahwarsa ta ruɓe wurin ƙarhen. Yana kwance ƙasa cikin wani babban gida. Wata tsohuwa ta zo da ruwa da tsumma. Baƙa ce, ita ma jirgi ya kawo ta tun da daɗewa. Ta durƙusa, ta kawo hannu za ta wanke. Sai ta tsaya. Ta dube shi cikin ido ta ce, mei ai? Bai san mi take cewa ba. Ya rufe ido yana jira ta kama shi. Ba ta kama ba. Ya buɗe ido, tana nan, hannunta a tsaye, tana jira. Ya daɗe. Sannan ya gane shi ake jira. Ya ɗaga kai haka." Ta gyaɗa kai sau ɗaya. "Sannan ta taɓa shi."

Ta ci gaba. "Ya ce ba ranar da Bature ya kwance ƙarhe ya zama ɗa ba. Ranar da tsohuwar nan ta jira shi ne. Maganar da ya fara koya ke nan a bakinsu, ita ya fara koya mini. Ya ce kada ki taɓa mutum, kada ki taɓa abin mutum, sai kin tambaya kin jira. Ni ma tun ina ƙarama bai taɓa ɗaukata ba sai ya ce, in ɗauke ki?"

A bayan darni aka ji Ma'u ta fashe da kuka, irin kukan da ba a yi wa mutum sai ranar da ya mutu. Sai a ranar ta ji abin da aka yi wa ƙanenta.

"Baba, ban ɗauke ku baƙi ba. Ba ni da zanensa a huska, ban san al'adarku ba, na ɓata muku suna, ku gahwarce ni. Abin ga ɗai ya bar mini. Ina ba ku shi kullum, don ku ne nasa." Ta dubi jakin ta ƙofar zaure. "Guzuri ya yi kyau, na gode. In ka ce in tahi, zan tahi. Amma ba wanda ya tambaye ni."

Ba da zafi ta faɗa ba, kuma da ta faɗa da zafi da ya fi wa Abarci sauƙi. Ya zauna kamar an zuba masa ruwan sanyi. Mutumin da bai san fuskar wansa ba, yau ga shi ya ɗaure wa ɗiyar wan nasa kaya, zai ɗora ta a hanyar da aka bi da ubanta, daga gari ɗaya, zuwa teku ɗaya, kuma shi ma bai ce mata komai ba. Kunya ta kama shi har wuya, a gaban ɗansa da baƙonsa.

Arzika ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Abarci ya tashi, ya fita ƙofar gida ba takalmi. Ya je wurin jakin ya kai hannu ga igiyar kayan. Yatsunsa sun kusa taɓa ƙullin sai ya tsaya. Ya daɗe a haka, dattijo mai furfura da hannu a sarari, mutanen ayari na kallonsa. Sannan ya juyo. Maganar ta fito da ƙyar, don ba ta saba da bakinsa ba.

"Ɗiyata. In kwance?"

Shafa'atu ta miƙe tsaye, hawaye na bin kumatunta. Ta ratsa zauren ta gaban maza, ta fito har inda yake.

"Kwance, Baba."

Ƙullin ya yi tauri, don shi da kansa ya ɗaure shi da asuba yadda ba zai kwance a hanya ba. Sai da ya sa haƙori.